Kan Nafartiti bisa kabad: sharhi a kan kwafin kayan tsohuwar Masar cikin adon gida a ƙasar Magariya

1. Gabatarwa

Wannan maƙala ta samo asali ne daga wata ziyara da na kai gidan wani tsohon malamin lakkwal a garin Magariya, dattijon da ya koyar shekaru da dama a ƙauyukan da ke tsakanin Bande da Dungas kafin ya aje aiki. A falonsa, bisa wani kabad mai gilashi, akwai abubuwa uku a jere: kan sarauniya Nafartiti na zubi, wanda tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba, da wata ƴar ƙaramar dala ta dutse mai santsi, da kuma takardar bardi, wato fafirus, cikin firam, ɗauke da hoton fuskar zinariya ta Tutankamun. Takardar da dalar tsaraba ce da ɗansa ya kawo daga Alƙahira, inda ya yi karatu. Kan kuwa shi da kansa ya saye shi a Yamai, kuma da na juya gindinsa sai na tarar da ƴar takarda a manne mai nuna cewa a ƙasar Sin aka yi shi.

Na ce masa: "Baba, me wannan baiwar Allah take yi a nan?" Ya ce: "Ai kakarmu ce, ɗana." Uwargidansa kuwa "ƴar tsanar Mushe" take kiran ta, kuma duk ranar da malamai za su shigo gidan don addu'a sai ta yafa mata kallabi har su watse.

Irin waɗannan kaya ba su da yawa a ƙasar Magariya. Inda ake cin karo da su shi ne falon ƴan boko, wato malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati da waɗanda suka yi karatu a waje. Ƙarancinsu bai rage musu muhimmanci ba, domin mu masu karanta wannan mujalla mu ne masu sayensu. Saboda haka wannan sharhi ya shafe mu kai tsaye. Abin da nake son in nuna shi ne, laifin waɗannan kaya ba ya cikin kasancewarsu kwafi, don kuwa adon ɗakin Bahaushe da iliminsa duk a kan kwafi aka gina su. Rauninsu shi ne sun zo ba su da salsala: mai su bai san daga hannun wa suka fito ba, ba ya iya karanta su, kuma Masar ɗin da suke nunawa zaɓin gidajen tarihi na Turai ce. Za mu fara da duba kayan su kansu, sa'an nan mu auna su da ma'aunin gida, daga bisani mu saurari hujjar malam da ta ɗan boko.

2. Kayan su kansu

Kan Nafartiti na ainihi yana gidan tarihi na Neues Museum a birnin Berlin. An sassaƙa shi wajen shekara ta 1345 kafin haihuwar Annabi Isa, da dutsen farar ƙasa, aka shafe shi da filasta, aka yi masa launi. Tsawonsa kusan santimita 48 ne. Wanda ya dubi hotonsa da kyau zai lura da abubuwa huɗu: wuyan dogo ne siriri kuma ya karkata gaba, har mutum ya yi mamakin yadda yake ɗauke da doguwar hular, idon dama ne kaɗai ke da ƙwaya, na hagu fanko ne, macijin da ke goshin hular ya karye, sa'an nan akwai ƴan layukan gajiya a ƙarƙashin idanu, irin na mace da ta haihu ta manyanta. Ƙarfin aikin yana cikin waɗannan abubuwa ne.

Kwafin da ke falon Magariya ya share su duka. An cika idon hagu, an mayar da macijin, an shafa wa kumatu jan launi, an zuba ruwan zinariya inda babu shi a na ainihi, an kuma ƙara wa wuyan kauri don kada ya karye cikin kwali. Dalili a fili yake. Mai masana'anta bai taɓa ɗaukar siffa daga kan na Berlin ba. Daga wani kwafin ya ɗauka, wanda shi ma daga wani aka ɗauke shi, kuma kowane zubi yana cinye wani abu daga layukan fuska. Abin da ya iso mana a ƙarshe fuska ce irin ta tallar man shafawa. A nan Hajiya ba ta yi kuskure ba da ta kira ta ƴar tsana.

Takardar bardi ita ma tana da nata labarin. Sana'ar yin wannan takarda ta mutu a Masar ɗaruruwan shekaru bayan da takardar zamani ta maye gurbinta, sai cikin shekarun 1960 wani injiniya mai suna Hassan Ragab ya farfaɗo da ita. Daga nan ta zama hajar ƴan yawon buɗe ido, har masu arha daga ciki da ɓawon ayaba ake yin su. Ana buga zanen da inji, a cike launi da hannu, a kewaye shi da alamomin rubutun Fir'aunoni waɗanda sau da yawa ba su haɗa jimla ko ɗaya. Haka kuma mutanen tsohuwar Masar ba su zana wannan fuska a takarda don a rataye ba. Fuskar zinariyar, mai nauyin kilo 10 da ɗoriya, an ƙera ta ne don ta rufe fuskar gawa, cikin akwatuna uku, cikin kabarin da aka toshe don kada ido ya sake ganin ta. Dala kuwa kabari ce gaba ɗayanta. Ke nan biyu daga cikin kayan ukun nan kayan jana'iza ne, a ƙasar da babu mai tunanin shigar da makara ko likkafani cikin adon ɗaki. Mai falon bai ga haka ba, domin kayan sun iso masa ne bayan an raba su da aikinsu na asali.

Dalar ce kaɗai ta sami wata ma'ana ta gida. Da na tambayi Hajiya a kanta sai ta ce tana tuna mata da buhunan gyaɗa da ake tarawa lokacin kaka tun tana yarinya. Wannan karatu ne mai tushe. Ƙasar Magariya tana tsakiyar yankin gyaɗa na Nijar, amfanin gonar da ya riƙe tattalin arzikin ƙasa cikin shekarun 1960, zamanin kamfanin SONARA, kafin farin 1973 da 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 su karya shi. Bahaushe ya san dalar gyaɗa ta Kano kafin ya ga hoton ta Giza.

3. Kwafi a ma'aunin gida

Masu sharhin fasaha da suka yi karatu da Faransanci sukan fara ne daga maƙalar Walter Benjamin, wadda ta fara fitowa a 1936 cikin fassarar Faransanci, inda yake cewa yawaita kwafi da inji yana cire wa aikin fasaha kwarjinin da kasancewarsa guda ɗaya tilo ya ba shi. Wannan ra'ayi ya dace da al'ummar da ke girmama abu don babu irinsa. Idan aka shiga ɗakin amarya a Waca ko Sassumburum, sai a tarar da wani ma'auni dabam.

Darajar jere tana cikin yawa da daidaito. Langa ashirin iri ɗaya, launi ɗaya, an ɗora su daga babba zuwa ƙarama, sun fi kwano ɗaya tilo komai kyansa. Jere ya karɓi sauyi iri iri ba tare da gardama ba: daga ƙorai da akusa da faya-fayai zuwa tasoshi, daga nan zuwa fanteka da langa da samira waɗanda aka fara kawowa daga Turai, sa'an nan daga Hong Kong da masana'antun Nijeriya, har zuwa tangaram da kuloli na ƙasar Sin da ke shigowa daga kasuwannin Kano ta hanyar Ɓaɓura da Tinkim, ko ta Maigatari zuwa Dungas. Babu ƴar jeren da ta taɓa tambayar wane kwano ne na ainihi. Amma kowace mace da ta shiga ɗakin tana iya karanta shi: wannan sahu na uwa ne, wancan gudummawar gwaggo ce, wancan kuma bikin da ƙawar uwa ta rama ne. Binciken Guy Nicolas a kan kyauta da musaya (1986) da na Barbara Cooper a kan aure a Maraɗi (1997) sun nuna yadda kayan ɗaki suke zama shaidar dangantaka da kuma ajiyar dukiyar mace, wadda takan iya sayarwa ranar matsi. Kwano kwafi ne, amma yana da sunan wanda ya bayar da shi, yana kuma da aiki.

Haka abin yake a fagen ilimi. Kafin zuwan injin ɗab'i, duk littafin da ke zauren malam kwafin hannu ne. Mai kwafi yakan rubuta sunansa a ƙarshe, wani lokaci har da sunan wanda aka rubuta dominsa, kuma ɗalibi ba ya cewa ya san littafi sai ya karance shi gaban malamin da shi ma ya karanta gaban wani. Ingancin kwafi yana rataye ne a kan wannan salsala. Ko masu zubin tukunyar dalma a kasuwa da tsohuwar tukunya suke ɗaukar siffa cikin rairayi, kuma mai saye ba ya neman komai face ta dafa tuwo ba ta yoyo.

Tsohuwar Masar ita kanta ba ta ƙyamaci kwafi ba. Ƙananan mutum-mutumin da ake kira shabti, waɗanda ake binnewa tare da mamaci don su yi masa aiki a lahira, da yawansu zubi ne, ana yin su ɗari ɗari. A kabarin Tutankamun kaɗai an sami 413. Shi kansa kan Nafartiti a ɗakin aikin masassaƙi Tutmos aka tono shi, a Amarna, kuma masana da dama na ganin samfuri ne da ake ajiyewa don masu koyo su kwaikwaya. In haka ne, to abin da ake tsaro a Berlin cikin gilashi tun farko don a kwafe shi aka yi shi.

Daga wannan za mu iya fitar da tambayoyi uku da za a yi wa kowane kwafi: daga hannun wa ya fito, wane aiki yake yi a inda yake, kuma wa ke iya karanta shi? Langa ta amsa ukun. Kwafin Iziyya da ke zaure ya amsa ukun. Takardar bardi ta amsa ta farko kawai, tun da tsarabar ɗa ce ga ubansa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kan da aka saya a Yamai bai amsa ko ɗaya ba.

4. Wace Masar?

Ya kamata mu tambayi dalilin da ya sa, cikin tarihin da ya haura shekara 3000, waɗannan siffofi ƙalilan ne kaɗai ke yawo a duniya. Ayarin Ludwig Borchardt ne ya tono kan Nafartiti ran 6 ga Disamba 1912. Aka yi rabon abin da aka tono a farkon 1913, kan ya faɗa hannun Jamusawa ta hanyar da har yau Masar ke ƙalubalanta, kuma sai a 1924 aka baje shi ga jama'a sosai. Howard Carter ya gano kabarin Tutankamun a Nuwamba 1922, jaridun Turai suka yi ta yayata shi, sa'an nan nune-nunen Paris a 1967, da London a 1972, da biranen Amurka daga 1976 zuwa 1979 suka mayar da fuskar zinariyar tamkar tambari. Waɗannan hotuna ne suka cika littattafan tarihi na ajin farko na kwaleji, inda malamin Magariya ya fara ganin su, inda kuma ya koyar da su. Mai masana'anta a Sin yana zuba abin da kasuwa ta riga ta sani ne. Saboda haka hanyar da kan ya biyo ita ce Amarna, Berlin, Paris, Sin, Yamai, sa'an nan Magariya.

Alhali kuwa akwai wata Masar da ta daɗe da shiga gidajenmu ta wata ƙofa. Tun ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka kafa makaranta da masauki a Alƙahira domin mutanensu, daga baya kuma Azhar ta keɓe wa ɗaliban Barno sashe nasu. A ƙarshen ƙarni na 15 Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya aika da wasiƙar nasiha ga sarkin Katsina Ibrahim da sarkin Agadas. Tafsirin Jalalaini da ake fassarawa da Hausa kowane watan azumi aikin malaman Masar biyu ne. Ishmawi da Iziyya da Muhtasar, waɗanda ɗalibin fiƙihu ke bi ɗaya bayan ɗaya, duk marubutansu mutanen Masar ne, haka ma Busiri mai Burda. A ƙarni na 20 maɗaba'o'in Alƙahira sun cika kasuwanninmu da littattafai masu jar takarda, da kuma hotuna masu launi irin na Buraƙa da na Ka'aba, waɗanda suka hau bangon ɗakuna daga Senegal har Cadi. Bayansu sai kasusuwan ƙira'ar Abdulbasiɗ da Husari. Ko sunan masara, a ra'ayin manazarta da dama, daga Masar ya samo asali.

Wannan ita ce Masar ɗin da mutanen Magariya ke iya karantawa, kuma duk da kwafi ta zo. A gidan da na ziyarta tana nan a zaure, cikin gafakar ƙanen maigida. Tsakaninta da Masar ta falo bai fi taku goma ba, amma babu wanda ya taɓa haɗa su a magana ɗaya.

5. Hujjar malam da hujjar ɗan boko

Kallabin da Hajiya ke yafawa amsa ce ga hujjar malam, wadda ke da rassa biyu. Reshe na farko shi ne mutum-mutumi gunki ne, kuma hadisi ya zo da cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura. Na biyu shi ne sunan Fir'auna a kunnen Bahaushe sunan azzalumi ne mai girman kai, har akan kira mugun shugaba da shi. Reshe na biyu yana da sauƙin amsawa, tun da Fir'auna laƙabin sarauta ne da sarakuna da yawa suka riƙe cikin dubban shekaru. Na farko kuwa ya fi yadda ake zato sarƙaƙiya. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Shaihu Dardiri, wanda ya rasu a 1786, ya yi bayani cikin sharhinsa na Muhtasar, surar da aka haramta ita ce ta abu mai rai, mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi. Wadda ta rasa gaɓar da ba a rayuwa sai da ita ba ta shiga wannan hukunci ba, zane a takarda ko a bango hukuncinsa ya fi sauƙi, an kuma yi rangwame ga ƴar tsanar yara mata. Kai da wuya ba gangar jiki, a wannan ma'auni, ba cikakkiyar sura ba ce. Ba fatawa nake bayarwa ba, kuma malamai da yawa a yau sun fi haka tsanantawa. A Masar ɗin kanta babban mufti Ali Juma'a ya yi fatawa a 2006 da ke hana ajiye mutum-mutumi a gidaje, abin da ya tayar da muhawara mai zafi. Abin lura a nan shi ne, dokar da ake yi wa sarauniyar Masar hukunci da ita a Magariya, Halilu ɗan Ishaƙa da Dardiri ne suka rubuta ta a Alƙahira.

Hujjar ɗan boko kuwa tana cikin kalmar "kakarmu". Tushenta aikin Cheikh Anta Diop ne, tun daga Nations nègres et culture (1954) har zuwa taron da UNESCO ta shirya a Alƙahira a 1974, inda shi da Théophile Obenga suka kare ra'ayin cewa wayewar Masar ta baƙar fatar Afirka ce. Wanda ya zauna a ajin da ake koya masa cewa Afirka ba ta da tarihi ba zai raina abin da wannan littafi ya yi wa tsararsa ba. Ga irin wannan dattijo, ajiye Nafartiti a falo mayar da martani ne ga lakkwal ɗin Nasara, kuma ina girmama niyyar. Son jingina asali ga gabas ma ba sabon abu ba ne a wurinmu: Muhammadu Bello ya rubuta cikin Infaƙul Maisuri cewa Gobirawa daga Ƙibɗawan Masar suke, gidan sarautar Magariya kuwa reshen Daura ne, wadda ke kai labarinta ga Bayajida na Bagadaza.

Sai dai a matsayinmu na masu nazarin harshe muna da abin da ya fi wannan ƙarfi, kuma ba mu cika amfani da shi ba. Tun kafin aikin Marcel Cohen na 1947 ake hasashen dangantakar Hausa da harsunan arewa maso gabashin Afirka, sa'an nan Joseph Greenberg ya tabbatar da harsunan Cadi, waɗanda Hausa ke cikinsu, a matsayin reshe na babban gidan Afro-Asiya, tare da tsohon harshen Masar da Barbarci da Kushitanci da harsunan Samiyawa. Shaidun suna cikin nahawu da kalmomin tushe. Saiwar mwt ta Masar ita ce mutu ta Hausa. Ƙidayar fdw ita ce huɗu ko fuɗu. Ɗafin k na mutum na biyu namiji shi ne na gidanka. Harafin n na mallaka yana nan a ɓangarorin biyu. Harafin t da ke nuna mace cikin nfrt, "kyakkyawa", wato rabin farko na sunan sarauniyar, ɗan'uwan ta ne na ta zo. Wannan dangantaka ta ƴan'uwantaka ce: harsunan biyu sun rabu daga tushe guda dubban shekaru kafin a gina dala ta farko, don haka Hausa ba jikar harshen Fir'aunoni ba ce. Abin mamaki shi ne Obenga, a littafinsa na 1993, ya ƙi amincewa da wannan gida na Afro-Asiya gaba ɗaya. Wanda ya bi shi sau da ƙafa sai ya saki igiyar da ta fi kowace ƙwari tsakanin Hausa da Masar, ya kama fuskar roba wadda mai zubi ya ƙara wa fari da jan kumatu don ta dace da idon mai saye na Turai. Kwafin da aka ajiye don a ƙaryata Bature, shi ne ya fi kowane bin son ransa.

6. Abin da ke fita yayin da wannan ke shigowa

Batun yana da wani gefe da ya fi ciwo. A 1975 aka gano wurin tarihi na Bura a yammacin Nijar, kuma a 1983 Bube Gado na cibiyar IRSH ya yi tono a can, ya fito da kawuna da tukwane da mahayin doki na yumɓu. Bayan nunin Vallées du Niger, wanda aka buɗe a Paris a 1993, kasuwar Turai ta buɗe baki, masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka rugurguza wurare masu yawa. Dokar kare kayan tarihi ta 30 ga Yuni 1997 ta zo bayan ɓarna ta yi nisa, kuma a shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura, tare da na Nok da Katsina da Sakkwato, cikin jerin waɗanda aka fi sata. Wato a daidai lokacin da kan roba ke shigowa falonmu, kawunan yumɓu na ƙasarmu suna fita zuwa falon wasu.

Bahaushe kuma ba baƙo ba ne a wannan ciniki. Littafin Christopher Steiner a kan kasuwar kayan fasaha ta Abijan (1994), da fim ɗin In and Out of Africa (1992), wanda ya bi wani ɗan kasuwa Bahaushe ɗan Nijar mai suna Gabai Baare, sun nuna yadda fatakenmu suka ƙware wajen sanin abin da Bature ke kira "na ainihi", har da yadda ake tsufar da sabon sassaƙa da hayaƙi da ƙasa don ya yi kama da tsohon abu. Mun iya sayar wa wasu tsufa, amma idan za mu saya wa kanmu sai mu karɓi abin da aka miƙo mana.

Akwai kwafi mai amfani, kuma muna da misalinsa a gida. A 1999 aka ɗauki siffar raƙuman dawa na Dabus, waɗanda aka sassaƙa a dutse a yankin Ayar dubban shekaru da suka wuce, aka yi zubinsu da dalma, aka kafa ɗaya a filin jirgin saman Agadas. An san daga inda aka ɗauke shi, an san ranar, an san dalili. Masar ma ta bi wannan hanya: an buɗe kwafin kabarin Tutankamun a Luksor a 2014 don a rage wa na ainihi cunkoso, kuma a 2021 gwamnati ta buɗe masana'antar Konouz kusa da Alƙahira, wadda ke fitar da kwafi mai hatimi da takardar shaida. Tun 2019 kuma ma'aunin kan Nafartiti na kwamfuta, wanda gidan tarihin Berlin ya ɗauka, yana kan intanet ga duk mai so. Wanda ke son ta a falonsa yana iya samun ta da idonta ɗaya da layukan fuskarta.

7. Kammalawa

Ba na kira ga kowa ya sauke abin da ke kan kabad ɗinsa. Abin da wannan sharhi ya nuna shi ne, ma'aunin da ya dace da waɗannan kaya yana nan cikin al'adarmu ta jere da ta kwafin littafi, kuma idan aka auna su da shi sai a ga ba su cika mudu ba. Gyaran yana hannun irinmu. Na farko, ɗalibanmu na iya bin falo da ɗakunan mata a Magariya da Dungas da Waca, su rubuta abin da ke kan bango da kabad, da inda ya fito, da sunan da masu gida ke kiran sa, domin wannan ƙamus ne da ke sauyawa kowace shekara. Na biyu, gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda tun kafa shi a 1959 yake tare da masu sana'ar hannu, da na Damagaram, suna iya fitar da kwafin mahayin Bura mai ɗauke da bayani da Hausa da Faransanci, a farashin da malamin lakkwal zai iya biya. Na uku, darasin tsohuwar Masar a kwalejojinmu yana iya farawa daga mutu da huɗu, ya bi ta kan Suyuɗi, kafin ya isa ga dala. Ina fatan abokan aiki na sashen tarihi da masu nazarin fiƙihu za su duba waɗannan hujjoji, su gyara inda na karkace, a fitowa ta gaba.